Yadda Ake Zaɓar Taya da Auna Suɗewarta Kafin Damina: Jagora ga Masu Mustang da Challenger

Tambayoyin da masu karatu suka fi aikowa game da motocin nan na Amurka masu injin silinda takwas, wato Ford Mustang GT da Dodge Challenger da ire-irensu, kusan duk kan ƙafa suke: wace taya ce daidai da motar, yaushe za a ce ta suɗe, kuma me ya sa bayan motar ke wutsiya da zarar kwalta ta jiƙe. Dalilin damuwar a fili yake. Mustang GT ta 2015 zuwa 2017 tana da ƙarfin doki 435, ta 2018 kuma 460, kuma duk wannan ƙarfi ta tayoyin baya biyu kaɗai yake sauka ƙasa. Na ɗauki Mustang GT ta 2015 zuwa 2023 a matsayin misali, sai in jawo Challenger inda ta bambanta. A bi matakan yadda suke a jere, domin wanda ya fara da sayen taya kafin awo yakan saya sau biyu.

Kayan aikin ba su da yawa: gejin iska na kanka, ma'aunin zurfin zanen taya, tocila, alli ko maka, da takarda. Ranar ɗauri kuma ana buƙatar sifana mai ma'aunin ƙarfin ɗauri.

1. Fara da takardar ƙofar direba

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kansa. Akwai takarda manne da ke nuna girman tayar da kamfani ya sa wa wannan motar takamaimai, gaba da baya, da yawan iskar da ya ƙayyade. A yawancin Mustang GT iskar psi 32 ce (psi shi ne ma'aunin iskar taya da geji ke nunawa), amma abin da takardarka ta ce shi ne hukunci. Kwafe komai a takarda.

Gargaɗi: kada ka ɗauki abin da ke jikin motar yanzu a matsayin girman asali. Da yawa daga cikin waɗannan motoci daga gwanjon motocin haɗari na Amurka ake sayo su, a gyara su kafin ko bayan sun iso, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da tayoyi huɗu daga kamfanoni uku.

2. Karanta rubutun gefen taya

Ɗauki 275/40R19 101Y. Lamba 275 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 40 tana nufin tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari ne na faɗin, wato milimita 110. Harafin R tsarin saƙar cikinta ne, 19 kuma girman rim ne a inci. Lamba 101 nauyin da take iya ɗauka ne, kilo 825, harafin Y kuma iyakar gudun da aka gina ta a kai, kilomita 300 a awa. W na nufin 270, V 240, H 210. Ko da ba za ka taɓa kusantar wannan gudun ba, kada ka sauka ƙasa da harafin da kamfani ya sa, domin tayar da ke da harafi mafi girma ta fi jure zafi, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba wasa ba ne.

Mustang GT takan zo da 235/50R18, ko 255/40R19, ko 265/35R20 a duk ƙafafu huɗu. Mai Performance Pack kuwa, wato ƙarin kayan ƙarfi da kamfani ke sa wa wasu GT, tana da 255/40R19 a gaba da 275/40R19 a baya. A cikin samfuran Challenger, R/T da Scat Pack sukan zo da 245/45R20, Hellcat da 275/40R20, masu faffaɗan jiki da ake kira Widebody kuma da 305/35R20.

Daga nan nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Sau da yawa cikakkiyar lambar a gefe ɗaya kawai take, don haka idan ba ka gan ta a waje ba sai ka haska ta ciki. Ford na ba da shawarar a sauya taya bayan shekara shida komai kyan zanenta, hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, FRSC, kuwa shekara huɗu take faɗa wa direbobi. Tsohuwar taya takan bushe ta yi tauri, kuma taurin nan shi ne ke hana ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta ko da zanenta na nan cif.

Gargaɗi: idan ka ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, an yi tayar ne da yanayin sanyi a zuci, kuma mafi yawan masu wannan alama tayoyin hunturu ne da robarsu ke yin laushi fiye da kima a zafi, ta cinye da wuri. Ba tayar ƙasarmu ba ce.

3. Yi lissafi kafin ka sauya girma

Nan ne mutane suka fi yin ɓarna, saboda sha'awar faffaɗar taya. Abin da ake kiyayewa shi ne tsayin tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Lissafin shi ne: ninka tsayin gefe sau biyu, ka haɗa da girman rim bayan ka mayar da shi milimita, inci ɗaya milimita 25.4. A 275/40R19, gefe biyu sun ba da 220, rim ya ba da 482.6, jimla 702.6. A 255/40R19 jimlar 686.6 ce, a 235/50R18 kuma 692.2, a 265/35R20 693.5. Ka lura cewa duk girman da Ford ya zaɓa suna kusa da juna, ko da rim ya tashi daga inci 18 zuwa 20. Haka abin yake a Challenger: 245/45R20 tana ba da 728.5, 275/40R20 kuma 728, bambancin rabin milimita kacal.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada sabon girma ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Idan ya wuce haka, ma'aunin gudu zai yi maka ƙarya, idan tayar ta fi tsayi yana nuna 100 kana tafiyar 103 ko fiye, sannan birkin ABS mai hana taya kullewa da na'urar hana zamewa, waɗanda ke aiki ta kwatanta saurin juyawar kowace ƙafa, za su rikice a daidai lokacin da ka fi buƙatarsu.

Faɗin rim ma yana da iyaka. Taya 275 tana son rim mai faɗin inci 9 zuwa 11. Challenger R/T mai rim na inci 8 ba ta dace da ita ba. Za ta shiga idan aka matsa, amma gefenta zai tsuke, tsakiyarta ta tasa, ƙasan da take takawa ya ragu maimakon ya ƙaru. Kuma rim ɗin Mustang da na Challenger ba sa musanya: ramukan notin Mustang a kan da'irar milimita 114.3 suke, na Challenger 115. Bambancin ƙarami ne har noti zai iya shiga, kuma wannan ne haɗarinsa, domin zai ɗauru a karkace.

Ra'ayina a nan shi ne, mai tuƙi a hanyoyinmu ya tsaya a girman kamfani, kuma idan yana da zaɓi ya fifita gefe mai tsayi. Faffaɗar taya tana da amfani a busasshen titi, amma a cikin ruwa ruwan da za ta kora ya fi yawa, hanyar da zai bi kafin ya fita gefe kuma ta fi tsawo, don haka ta fi saurin hawa kan ruwa. Gefe mai lamba 30 ko 35 kuma ba ya yafe rami: bugu ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim ko ya tsinke zaren gefe. Sai dai mai Performance Pack ya sani cewa birkin Brembo na gaban motarsa babba ne, yawancin rim na inci 18 ba sa wucewa ta kansa.

4. Daidaita iska, taya na sanyi

A auna iska da safe kafin motar ta motsa, ko bayan ta huta awa uku a inuwa. Iska na tashi da kimanin psi ɗaya duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6, don haka tayar da ta sha tafiya za ta nuna fiye da gaskiyarta, kuma kuskure ne a sace mata iska a lokacin. Lambar da ke jikin taya kusa da kalmar Max iyakar abin da za ta ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Yawancin masu faci na bakin titi sukan dura 40 ko fiye idan ba a hana su ba, don haka ka faɗi lambar da bakinka, ka kuma tabbatar da gejinka.

Gargaɗi: fitilar iskar taya da ke kan dashbod ba ta kunnuwa sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Daga 32, sai ta kai wajen 24. Binciken da hukumar NASA ta yi kan tayoyin jiragen sama a shekarun 1960 ya nuna cewa gudun da taya ke fara yawo kan ruwa yana bin yawan iskar cikinta; idan aka yi amfani da wannan lissafi, psi 32 yana ba da kusan kilomita 94 a awa, psi 24 kuma kusan 82. Ba lambobin da za a dogara da su a kan hanya ba ne, domin suɗaɗɗiyar taya kan fara rasa kamu tun ƙasa da haka, amma sun isa su nuna abin da ƙarancin iska ke jawowa.

5. Auna zurfin zane

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi yi da ido kawai. Ajiye motar a wuri mai daidaito, ka murza sitiyari har ƙarshe domin fuskar tayar gaba ta fito. Sa bakin ma'aunin a cikin manyan kwarurrukan da suka zagaye tayar, ba ƙananan tsagogin da suka ratsa ta ba. Auna wuri uku a faɗin taya, wato kwarin waje da na tsakiya da na ciki, sannan ka gusa da motar kaɗan ka maimaita a wasu wurare biyu. Rubuta lambar da ta fi ƙanƙanta, ita ce gaskiyar tayar.

Tayoyin baya sai an durƙusa. Kwanta a bayan motar da tocila, ka miƙa hannu can ciki ta kusa da salansa, ka shafa kafaɗar tayar ta ciki. Tun daga 2015 kowace ƙafar bayan Mustang tana da nata tsarin sifirin daban, kuma saman tayar yakan ɗan karkata ciki, don haka nauyi ya fi zama a gefen ciki. Ana samun tayar da daga waje zanenta ke da kyau, amma can ciki ta yi sumul har wayoyin ƙarfe sun fara leƙowa. A yi shafar a hankali, wayar na yanka yatsa.

Sabuwar tayar irin waɗannan motoci takan zo da zurfin milimita 7 zuwa 8. A cikin kwarurrukan akwai ƙananan tudu da aka gicciya, tsayinsu milimita 1.6, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi a Turai da yawancin jihohin Amurka. Idan zanen ya yi daidai da tudun nan, tayar ta mutu tuntuni. Don damina, iyakar da nake ba da shawara ita ce milimita 3, kuma a ƙafar baya ta mota mai doki 460 ba zan yi jayayya da wanda ya sauya tun a 4 ba. Wanda bai da ma'auni ya sami tsinken ashana, ya auna milimita 3 daga gindinsa da rula, ya ja layi da biro. Idan ya tsoma shi a kwarin layin bai nutse ba, lokaci ya yi.

6. Karanta yadda ta ci

Lambobin da ka rubuta suna ba da labarin motar. Idan tsakiya ta fi cinyewa, iska ta yi yawa, ko da yake a tayar baya yawan taka totur da kwasa ma na kawo haka. Idan kafaɗu biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kawai, matsalar saitin ƙafa ce. Idan ka shafa zanen ka ji santsi ta wani ɓangare, kaifi ta ɗayan, tayoyin ba sa kallon gaba sosai, suna jan ƙasa a karkace. Cin da ya yi tudu da kwari a zagayen taya kuwa shokozoba ne ko rashin balansin. Duk wanda ka gani, a gyara sanadin kafin a sa sabuwa, in ba haka ba ita ma haka za ta ƙare.

Gargaɗi: kumburi a gefen taya ba ya gyaruwa, kuma ba a yin faci a gefe ko a kafaɗa. Hujin da ake yarda a gyara shi ne wanda ke fuskar zane, bai wuce milimita 6 ba, kuma a cire tayar a toshe shi a like ta ciki. Yawancin waɗannan Mustang ba su da tayar ajiya ta ko-ta-kwana, sai famfo da ruwan toshe huji a but, don haka tayar da ake shakka a kanta ba ta tafiya mai nisa ba ce.

7. Zaɓi iri, ka yi kasafi

Akwai rukuni uku. Tayoyin bazara masu ƙarfi irin su Michelin Pilot Sport 4S, wadda Ford ya sa wa Performance Pack daga 2018, da Continental ExtremeContact Sport da Pirelli P Zero, su ne suka fi dacewa da ƙasa mai zafi da ruwan sama, domin kalmar bazara a nan ba ta nufin ba sa son ruwa, sanyi mai tsanani ne ba sa so. Na biyu su ne na kowane yanayi, masu alamar M+S, waɗanda suka fi daɗewa amma kamunsu bai kai na farko ba. Na uku su ne na filin tsere irin Pilot Sport Cup 2, masu gajeren zane tun suna sababbi. Waɗannan a kwantaccen ruwa abin tsoro ne, kada a saye su don zirga-zirgar gari.

A gefen taya za ka ga Treadwear da lamba, misali 300 a Pilot Sport 4S. Ƙaramar lamba na nufin roba mai laushi da saurin ci, amma kwatancen ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Kusa da ita akwai Traction, daga AA zuwa C, wanda gwajin birki ne a jiƙaƙƙen titi a miƙe. Nemi AA ko A.

Ta fuskar kuɗi, taya guda daga manyan kamfanonin nan a girman inci 19 ko 20 takan kai dala 250 zuwa 400 a Amurka, don haka huɗu sun haura dala 1,000 tun kafin dako da kwastan da ribar dila. A ƙara kuɗin ɗauri da balansin da saitin ƙafa. Wannan tsada ce ke tura mutane ga tayar Beljiyom, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da kwastan ta Nijeriya ta haramta shigo da su. Tayar da ta rage milimita 4 a rabin farashi, milimita ɗaya kawai ka saya kafin ta kai iyakar damina. Gara sabuwa ta matsakaicin kamfani mai cikakken girma da harafin gudu.

Idan biyu kawai aljihu zai ɗauka, a sa su a baya, kuma su zama iri ɗaya. Gaban da ya zame direba na jin sa a sitiyari ya sassauta. Bayan da ya zame juya motar yake yi.

8. Ranar ɗauri

Tsaya a wurin. Tayar da aka rubuta wa Outside, wannan gefen ne zai kalli waje. Mai kibiya da kalmar Rotation dole ta juya yadda kibiyar ta nuna, domin idan aka juya ta zanenta zai riƙa tara ruwa maimakon kore shi. Ka gaya wa mai aikin cewa akwai na'urar auna iska a gindin bawul, don kada ƙarfen cire taya ya fasa ta. A yi balansin a kan inji, a ɗaure notuna a gicciye, a kammala da sifana mai ma'auni: kimanin Nm 200 (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri a jikin sifanar) a wannan Mustang, 176 a yawancin Challenger. Bayan kilomita 100 zuwa 160 a sake duba ɗaurin. Sannan a yi saitin ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba, a karɓi takardar sakamakon.

Motar da ƙafafunta huɗu girmansu ɗaya ana yi mata musanyen gaba da baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Mai faɗin baya ba a kai nata gaba. Hagu da dama kawai ake musanyawa, shi ma idan tayar ba mai kibiya ba ce.

Gargaɗi: sabuwar taya tana da ɗan santsi a farko. A tafi da ita a hankali na ɗaruruwan kilomitoci kafin a gwada ƙarfinta.

9. Tuƙi a cikin ruwa

Kafin ka tashi, sa motar a yanayin Snow/Wet idan tana da shi, wanda ke sanyaya amsawar totur, kuma kada ka taɓa maɓallin kashe AdvanceTrac, wato na'urar hana zamewa ta Mustang, a titin jama'a. Mai Hellcat ya ɗauki baƙin makulli, wanda ke taƙaita injin a doki 500 maimakon 707 ko fiye na jan makulli. Kashe na'urar riƙe gudu, domin idan taya ta hau ruwa ƙafarka ake so ta yanke hukunci nan take. Ruwan farko bayan dogon rani shi ne mafi sharri, saboda ƙura da baƙin mai da suka taru a kwalta sukan kwaɓe su zama kamar sabulu kafin ruwan ya wanke su.

Tashi a hankali, ka hau babbar giya da wuri. Gama birki tun motar na miƙe kafin kwana, kuma kada ka ƙara totur sai sitiyari ya fara dawowa tsakiya; yawancin juyewar waɗannan motoci a fitar shataletale ko mahaɗa take faruwa, a gudun da bai kai 50 ba. Ninka tazarar da ke tsakaninka da na gaba, ka bi sawun tayoyinsa inda ruwan ya riga ya rabu, ka guji fentin titi da kwarin da manyan motoci suka tona a kwalta.

Idan sitiyari ya yi sakayau a hannunka, ko injin ya ɗaga murya ba tare da gudu ya ƙaru ba, taya ta hau ruwa. Sassauta totur a hankali, riƙe sitiyari inda kake son zuwa, kada ka fizge shi kuma kada ka daka birki, har sai ka ji nauyinsa ya dawo. Idan baya ne ya fara fita gefe, kalli inda kake son tafiya ka juya sitiyari can da sauri amma ba da yawa ba, ka kuma shirya mayar da shi, domin lokacin da tayar ta sake kamawa motar takan wurga zuwa ɗaya gefen. Idan kuwa tsayawar gaggawa ce a titin da taya ke kamawa, taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka saki don ka ji feda na karkarwa, aikin ABS ke nan.

Ruwan da ya rufe gefen titi har ba a ganin dakalinsa ba na shiga ba ne. Mustang ƙasa-ƙasa take, injin da ya shaƙi ruwa ta hanyar iskarsa kuma sai an sauke shi, sannan ba ka ganin ramin da ke ƙarƙashi. Idan ka faɗa rami a cikin ruwa, da zarar ka sami wurin tsayawa haska gefen tayar ciki da waje ka nemi kumburi, washegari da safe kuma ka sake auna iska.